Buhu Uku na Takin Karkanda

Ƙawata Gakii, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan takarda, in kuma akwai shayi a hannunki ki ajiye shi. Tun da kika koma Maua wurin ɗanki ban sami wanda zan zazzage wa cikina ba, ga shi abin ya kai mini iya wuya. A kan maigidana ne, Baban Makena. Na san har kin ce "to, me kuma ya yi?" Ki dai bi ni a hankali.

Kin san Iya, mahaifiyarsa, ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya tun bara. Ɗayan ma likitan Nanyuki ya ce da wuya ya kai damina. Abin da take gani yanzu bai wuce tsawon hannunta ba. Wata Lahadi mun dawo daga coci, muna cin githeri, dafaffiyar masara da wake, a tsakar gida, sai ta ajiye cokali ta ce:

"Kafin fitilar nan ta mutu, ina so in ga fuskar karkanda."

Labarin ba wanda bai san shi ba a Timau. Tana 'yar shekara tara, tana kiwon awakin ubanta, karkanda ta biyo ta, ta ɗare bishiyar ƙaya ta wuni a sama. Huci ta ji, ƙura ta gani, sai kuma wani ƙaton ɗuwawu yana shigewa daji.

"Shekara saba'in da biyar ina ba da labarin wadda ta kore ni, ban san kamanninta ba," in ji Iya. "Wannan ai wulaƙanci ne."

Ni dai na ji hawaye ya taho mini. Baban Makena kuwa zumbur ya miƙe da kwano a hannu.

"Iya, ai magana ta zo gida! Karkanda? Shekara ashirin da bakwai ina sayar da kan sarki mai hotonta a gidan waya. Duk ƙasar Meru babu wanda ya lashi bayan karkanda kamar ni."

Maƙwabcinmu Mwirigi, mai motar madara, yana jingine da shinge shi da matarsa Karimi, Maman Koome. Kin san su, kunnensu a gidanmu yake wuni.

"Sa'ana," in ji Mwirigi, "ta takarda daban, ta daji daban fa."

"Kamanninsu ɗaya. Girma ne kawai bambanci."

"Ka taɓa shiga gandun dajin nan na bayan gonakinmu?" Karimi ta tambaya.

"Na kai wasiƙa har bakin ƙofa, sau biyu."

"Bakin ƙofa."

"Maman Koome, wani ya shiga sau goma bai ga abin da na gani a bakin ƙofa ba. Ran Asabar, kafin rana ta take, zan nuna wa Iya karkanda bakwai. Ta zaɓi wadda ta yi mata."

Ran Laraba ya tafi layin gwanjo. Ya dawo da rigar kakin soja, da gajeren wando mai aljihu goma sha ɗaya, da hula mai faɗi kamar faifai, da madubin hangen nesa wanda gilashin ɓari guda ya faɗi. Na ce masa gwiwoyin nan nasa tun ranar aurenmu rana ba ta gan su ba. Ya ce haka masu abin suke shiga. Da yamma ya tsaya a shagon shayi na bakin titi ya sanar da duniya, har ya ce duk mai son ganin yadda ake kiran karkanda ya tambaye shi in ya dawo.

Ran Asabar da sassafe rabin unguwa ta fito. Mwirigi ya sauke tulunan madara ya bar guda ɗaya, na ƙarfe, ya cika shi da ruwa saboda motarsa mai yawan ƙishi ce. Iya ta zauna a gaba da farin ɗankwalinta na coci. Ni da Karimi da Baban Makena muka cushe a baya, tulun a tsakanin ƙafafunsa. Na yi mana addu'ar hanya. Ban kai ƙarshe ba maigidana ya ce amin.

A ƙofar gandun muka tarar da wani ma'aikacin daji, dogon Basamburu mai suna Lesirma, bindiga rataye a kafaɗa. Ya leƙo ya gaida Iya da ladabi, sannan ya ce doka uku ce. Ba a sauka daga mota. Ba a ɗaukar komai, ko da tsinke ne. Ba a hayaniya.

"Akwai jagora, Baba. In kuna so ya shiga ya kai ku inda suke."

"Jagora?" Baban Makena ya yi dariya ya juyo ya dube mu. "Ɗana, lokacin da na fara hulɗa da karkanda ko tatata ba ka fara ba."

Lesirma ya dubi hular, ya dubi gwiwoyin, ya dubi takalman coci da ya sha goga.

"A wane gandu Baba ya yi aiki?"

"Gidan waya," in ji Karimi.

"Kinoti, ku ɗauki jagoran nan," Iya ta ce daga gaba. Ita kaɗai ke kiran sunansa tsirara.

"Iya, babu wuri. Tulu ya cinye kujerar."

Haka muka shiga.

Motocin baƙi masu yawon buɗe ido rufinsu a ɗage yake, suna tsaye suna kallo. Tamu ba ta da wannan, sai Baban Makena ya fitar da rabin jikinsa ta taga, ya zauna a bakinta, ni kuma ina riƙe da ƙafarsa kamar mai riƙon akuya za a yi mata allura. Yana bugun rufin mota yana ba da umarni. Dama! Hagu! Koma baya! Mwirigi yana tsaki yana murza sitiyari.

Ba mu yi nisa ba ya doki rufin da ƙarfi.

"Tsaya! Ga ta nan! Iya, ga ta farko!"

Wani abu ne toka-toka a bakin hanya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon ƙasa.

"Ina?" in ji Iya, tana lalube da ido.

"Jaririya ce. Ga ƙahonnin nan sun fara fitowa."

"Mai Kan-Sarki," in ji Karimi, "tun yaushe ƙahon karkanda ke fitowa ta baki?"

"Daga nan yake farawa. In ta girma sai ya haura."

Abin ya ɗaga kai ya dube mu, ya miƙe jela sama kamar eriyar rediyo, ya arce, 'ya'ya huɗu na biye da shi.

"Jaririyar har ta haihu," in ji Mwirigi.

"Aladen daji ne," in ji Iya. "Na ji gudunsa. Mu je."

Muka ga jakunan dawa, muka ga raƙuman dawa, muka ga barewa ba iyaka. Ni dai sai tasbihi nake a zuciyata, don ban san Allah ya ajiye irin wannan abu a bayan gonakinmu ba. Iya kuwa duk ba ta ga ko ɗaya ba. Muna gaya mata, tana cewa, "To. Madalla."

Wajen ƙarfe goma ya sake bugun rufi, a hankali wannan karon. Ya zuro kai cikin mota, ido waje.

"Kashe mota. Kar wanda ya yi tari."

Can nesa ƙarƙashin wata bishiya, wani ƙaton abu ne kwance, toka-toka, mai doro.

"Barci take. In ta tashi, nan za ta biyo. Na san halinsu."

Muka zauna. Kin san al'adar direbobin gandu, Gakii, duk inda suka hango mota ta tsaya sai su ce an ga wani abu. Kafin minti goma mota biyu ta tsaya a bayanmu. Direban ɗaya ya matso ya yi raɗa:

"Baba, me aka gani?"

"Toro. Babba. Kar ka tashe shi."

Direban ya ɗauki rediyonsa ya yi magana. Kafin rabin sa'a motoci tara sun yi layi, Turawa da Indiyawa da 'yan Nairobi, kowa ya saita na'urar hoto mai tsawon taɓarya. Baban Makena ya ga taro, sai ya fara koyarwa da raɗa mai ƙarfi. Ya ce ku dubi yadda take numfashi. Wata Baturiya ta gyaɗa kai. Ya ce a ƙalla shekararta arba'in, daga doron ake ganewa. Wani ya rubuta a ɗan littafi.

Sai ga wani gwaggon biri ya fito daga ciyawa. Ya taka a natse, ya haye bayan karkandar Baban Makena, ya zauna daram a kan doron, ya shiga susar ciki.

"Abokai ne," in ji Baban Makena. "Tare suke kiwo."

Birin ya ɓantari wani yanki na doron, ya duba, ya lashe gara.

Suri ne, ƙawata. Gidan gara.

Ban taɓa jin an yi zagi da harsuna masu yawa haka a lokaci guda ba. Motoci suka watse suna bule mu da ƙura. Direban farko ya tsaya daidai tagarmu ya ce, "Baba, in ta farka ka aiko mini da wasiƙa." Karimi ta yi dariya har ta shaƙe, sai da na bubbuga mata baya.

"Da akwai karkanda a wurin," in ji Baban Makena. "Hayaniyarsu ce ta sa ta canja."

"Ta canja ta zama suri?"

"Ta canja wuri, Maman Koome!"

Rana ta take. Ruwan tulu duk ya ƙare a cikin injin. Muka ci capati, wainar fulawa, da wake a cikin mota, gumi na zuba. Baban Makena ya ɗauki mazurarin madara ya kafa a baki ya busa, wai kiran karkanda ke nan. Zabbi suka tashi firr, wata ɓauna ta ɗago ta yi mana kallon raini, shi ke nan. Iya ta naɗe ragowar capatinta a takarda, ta ce a hankali:

"Ku mai da ni gida. Allah bai nufa ba. Ba komai."

Muryarta ce ta karya mini zuciya. Har Karimi ta daina dariya. Baban Makena ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi hanya ɗaya tak, in ba a dace ba mu juya. Ya nuna wata 'yar siririyar hanya da ta gangara kwari. Muka bi.

A nan muka gamu da jarraba.

A gefen hanya, a wani fili, ga wani tsibi. Faɗinsa ya kai ɗakin girkina, tsayinsa ya kai gwiwa. Baƙi wulik, ya ruɓe ya yi laushi, buzuzu na ta wasa a ciki. Taki ne, Gakii. Irin takin da ko a mafarki ban taɓa gani ba.

Motar ta tsaya da kanta, don ba wanda ya ce wa Mwirigi ya taka birki. Mu huɗu muka zuba wa tsibin nan ido kamar yunwatattu a ƙofar gidan biki. Ke manomiya ce, kin san yadda dankalinmu ya yi bara saboda rashin taki. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma sai da na hango sukumana, ganyen miya, ya kai ƙugu. Na roƙi gafara daga baya.

"Dubi yadda ake almubazzaranci," in ji Mwirigi.

"Akwai buhunan dusa uku a but ɗin mota," in ji Karimi, ita da ta fi kowa baki.

"An ce ba a sauka," na ce. "An ce ko tsinke."

"Tsinke aka ce, Maman Makena," in ji maigidana. "Kin ji ya ambaci kashi? Wannan na giwa ne, ta yi ta wuce Isiolo. Ba shi da mai shi. Taimakon su ma za mu yi, mu share musu hanya."

Iya ta shaƙi iska sau biyu.

"Wannan ba na giwa ba ne. Kinoti, ka bar wa masu abu abinsu."

"Iya, ni fa na san aikina."

Suka dira shi da Mwirigi. Babu shebur, sai suka yi da hular nan mai faɗi da murfin tulu. Baban Makena ya zaɓi na sama, ɗanye, mai tururi, wai shi ya fi ƙarfi. Kafin ka ce me, buhu uku sun cika sun shige but. Har suka fara gardamar rabo: Mwirigi ya ce biyu nasa tun da motarsa ce, Baban Makena ya ce ilminsa ne ya kai su. Muka tashi, tagogi a buɗe, kowa na numfashi ta baki.

Mun haura kwarin, mun yi tafiya kamar ta daga gidanmu zuwa kasuwa, sai motar ta yi tari ta mutu. Zafi ya yi mata yawa, ga babu ruwa. Muna nan Mwirigi na murza makulli, sai na ji wani huci daga cikin ƙaya, kamar an sace iskar tayar tirela.

Iya ta miƙe zaune sosai.

"Ita ce," ta ce. "Muryar nan ban manta ta ba."

Ƙaya ta dare biyu. Abin da ya fito, Gakii, ban san da me zan kwatanta miki ba. Kamar an ɗauki tankin ruwan coci an sa masa ƙafafu. Ya ɗaga hanci sama yana shaƙa, kunnuwa na juyawa, sannan ya nufo mu kai tsaye, ƙasa na amsawa.

"To, Mai Kan-Sarki," Karimi ta ce da wata siririyar murya, "ga abokin hulɗarka. Yi masa magana."

Baban Makena ya laluba taga zai rufe, mariƙin murza gilashin ya cire a hannunsa. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sunkuya ya ɗauki tulun madara, ya kifa a kansa. Na ji ƙarar shigarsa, fok!

Sai motar ta girgiza. Bayanta ya ɗaga sama har goshina ya bugi kujerar gaba, ta dawo ƙasa tim. But ya ɓalle. Na ji buhu ya yage, na ji na biyu, na ji ana tumurmusa su da ƙafa ana huci. Mwirigi yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun kafin a yi kwalta. Karimi tana yi wa Allah alkawarin daina gulma. Daga cikin tulu kuwa wata murya ke fitowa, guuu, guuu, kamar saniya a rijiya.

Sannan tafiyar ta zagayo ta ɓangaren Iya. Ta tsaya. Hucin ya cika motar, ɗumi, mai warin ganye. Tagar Iya a buɗe take har ƙasa.

Sai na ji muryarta, a natse, kamar tana gaida maƙwabciya a bakin famfo.

"Sannu. Matso in gan ka da kyau. Yauwa. A'a! Ashe haka kake?"

Huci.

"Ji ɗan ido, kamar ƙwayar wake. Kai ma ba ka gani sosai, ko? Ni ma haka. To, ka gan ni na gan ka. Shekara saba'in da biyar ina jin haushin danginku. Na yafe. Je ka, Allah ya kiyaye ka da mugayen mutane."

Ya ƙara huci ɗaya, irin na wanda aka gama da shi. Na ji ya juya. Ya zagayo ta ɓangaren Baban Makena, inda warin ya fi yawa, don rigarsa da gwiwoyinsa duk taki ne. Ashe toron karkanda in zai sa wa wuri alamarsa, baya yake juyawa ya yi feshi. Ya kuwa yi. Ta tagar da ba ta rufuwa. Ruwan ya daki tulun nan, tararara, kamar ruwan sama a kan kwano. Ni da Karimi muka sami rabonmu a gefe.

Da ƙarar ƙafafu ta yi nisa, sai ƙarar injuna ta matso. Motar ma'aikatan daji ce, a bayanta motocin baƙin nan da muka tara wa suri, don su ma sun hango ƙura. Lesirma ya sauko. Ya fara duba Iya, ya ga tana murmushi. Ya zagaya baya, ya dubi buhu biyu a yage da ɗaya da ya tsira, ya ɗebi kaɗan ya murza ya sansana. Sannan ya buɗe ƙofarmu ya tsaya yana kallon mutum mai gajeren wando da kan tulu.

Ya ƙwanƙwasa tulun da yatsa.

"Salamu. Da mutum a ciki?"

"Ya tafi?" in ji tulu.

"Ya tafi. Fito."

Aka ja, bai fito ba. Kunnuwa sun shiga sun buɗe a ciki. Mwirigi ya riƙe ƙugu, Lesirma ya riƙe tulu, suka ja har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Tulu ya yi ihu. Baƙi suna ta ɗaukar hoto, ƙyas, ƙyas, Baturiyar nan har da durƙusawa don ta samu da kyau.

"Dabara ce!" in ji tulu. "Karkanda tana tsoron ƙarfe mai ƙyalli! Ni na kore ta!"

"To zauna a ciki, ko za ta dawo," in ji Karimi.

Man da na soya capati ne ya cece shi. Akwai ragowa a gindin kwano, na shafa masa a wuya da bayan kunne, aka murza shi kamar ana kwance kwalba. Ya fito, fok, jajawur, yana ƙifta ido a gaban motoci tara.

"Baba," in ji Lesirma, "a ina kuka ɗebo wannan?"

"A hanya muka tsinta. Na giwa ne."

"Na karkanda ne, daga tsibin kwari. Su ba sa yi barkatai. Wuri ɗaya suke da shi, kowa ya zo ya ajiye nasa, ya sansana na wasu, ya san wa ya wuce, wace ce ke neman miji, wane ne ke neman faɗa. Na saman nan ɗanye na toron kwari ne. Shi da na nan tudu shekara uku ba sa ga maciji. Kun ɗauko saƙon wancan kun kawo wa wannan har ƙofar gida."

Karimi ta dafa ƙirji.

"Wato gidan wayarsu ne?"

"Kusan haka, Mama."

"Shekara ashirin da bakwai!" Ta zauna a ƙasa daɓas. "Mai Kan-Sarki ya fasa gidan waya, ya kai takardar zagi adireshin da ya dace! Wayyo cikina!"

Direbobi suka fassara wa baƙinsu, dariya ta bi layin motoci ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe. Lesirma ya ce laifi biyu ne, sauka da ɗauka, kuma da ofis za a kai mu. Iya ta kama hannunsa ta ce, "Ɗana, ka bar mini shi. Wawa ne, amma yau wautarsa ta yi mini rana." Ya ce saboda ita ya haƙura, amma buhun da ya rage sai ya koma inda aka ɗauko shi. Aka ɗaure motarmu a bayan tasu aka ja mu har kwari. Baban Makena ya saɓa buhu a kafaɗa, ya juye shi a kan tsibin, ya baje da hannu yadda aka umarce shi, ma'aikata biyu na tsaye da bindiga suna gadinsa, baƙi na tafi.

Da muka iso Timau da la'asar, masu shagon shayi suna jira a bakin titi. Warinmu ya riga mu sauka.

"Nawa aka gani? Bakwai ɗin sun cika?"

"Ɗaya," in ji Iya ta taga. "Ta ishe ni."

Karimi kuwa, alkawarin da ta yi wa Allah bai kai gida ba. Kafin magariba har masu tallan karas sun san labarin tulu. Motar Mwirigi sai da ta yi mako tana shan omo kafin masu karɓar madara su yarda ta matso kusa da su.

Idon Iya ya rufe kafin ruwan farko, kamar yadda likita ya faɗa. Ba ta yi kuka ba. Tana zama a rana a bakin ƙofa, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta zana masa fuskar nan da hannu a iska, tana dariya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Washegarin tafiyar, ina wanke gajeren wandon nan karo na uku, Baban Makena ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya waiga, ya yi ƙasa da murya.

"Maman Makena, don Allah, yaya fuskar take? Mutane za su tambaye ni."

Gakii, tun lokacin da motar nan ta ɗaga sama na runtse ido, ban buɗe ba sai da na ji muryar Lesirma. Daga baya na bincika a hankali: Mwirigi yana ƙarƙashin sitiyari, Karimi ta cusa kai cikin zane. Mu huɗu masu ido takwas, ba wanda ya ga fuskar nan kusa sai tsohuwar da ba ta gani. Amma kunya ta hana ni faɗa masa, bayan duk dariyar da na yi masa a hanya. Sai na ce tana da gashin ido zara-zara kamar na amarya, da ɗan gemu a haɓa.

Yanzu kullum yana shagon shayi yana rantsuwa a kan gemun nan. Jiya na ji ya ce har taɓa shi ya yi. Na yi azumin kwana biyu a kan wannan ƙarya, kuma har yau in ya fara sai in tashi in shiga ɗakin girki in toshe baki da zane.

Don girman zumuncinmu, ƙawata, ki karanta ki sa takardar nan a murhu. Kar ki gaya wa kowa.